Ranar da Baba Ya Ce a Zuba Masa Daban

A gidanmu na garin Babban Mutum tukunya ɗaya ake ɗorawa. Gidan gandu ne. Mahaifina, wanda muke kira Baba, da ƙanensa Sule, wanda duk yaran gidan har da nasa suke kira Baffa, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zubawa, matansu kuma suna karɓa-karɓar girki. Yau Innata ce a bakin murhu, gobe matar Baffa. Mu yara ba ma tambayar wa ya yi girki, da mun kai loma baki mun sani. Inna tana da nauyin hannu wajen daddawa, matar Baffa kuwa barkono take zubawa kamar wani ya yi mata laifi.

Abincin ba mai yawan iri ba ne. Da safe ɗumamen tuwon jiya, ko koko in an yi gasara. Da rana fura, in matan Fulani sun shigo da nono da wuri. In ba su shigo ba a dama ta da ruwan tsamiya, a sha a gode wa Allah. Da dare tuwon gero ko na dawa, yau miyar kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi a sake komawa kuka. Ranar kasuwa akan tsinci nama a miya, wani lokaci kuma da hantsi a yi dambu ko ɗanwake. Yanzu da nake zaune a Daura 'ya'yana suna yamutsa fuska in an yi tuwo yau an sake yi gobe. Mu a lokacin ba mu san ana gajiya da tuwo ba.

Da magariba ake kwashewa. Malmalar farko ta zaure ce, ana sa ta a wani baƙin akushi babba da Baba da Baffa suke ci a ciki tun suna samari. Sai ta kakarmu Iya, mahaifiyarsu. Sai ta mata, sannan tamu. Ni da Rabi 'yar Baffa kwanonmu ɗaya, don sa'ata ce. Rabi ba ta da yawan magana amma ta iya cin tuwo. Ta ƙasa take ɗiba, ta haƙa rami a gefenta, kafin in ankara duk miyar ta gangara wajenta ni kuma ina ta dangwalar kwano. Kusan kullum sai mun yi faɗa a kan haka, kuma ban taɓa yarda a haɗa ni da wata ba.

Bayan sallar isha'i, musamman lokacin sanyi, Iya takan jawo tabarmarta kusa da murhu inda garwashi bai gama mutuwa ba. Ta watsa gyaɗa a cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya a banza. Sai an kankaro mata ƙanzon tukunya an jiƙa da ruwa, don haƙoranta sun riga sun yi sallama da ita.

"Tatsuniyata ba ta fita da yunwa," haka take cewa. "Dije, ke mai hannu kamar ludayi, je ki duba ko uwarki ta rage mini wani abu a gindin tukunya."

In ta cinye ta side yatsa, sai ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku ba ta hanya." Mu kuma mu ce ta shigo.

Iya mace ce mai baki. Ba wanda ta ƙyale a gidan, daga surukanta har akuya. Baffa shi ne autanta, ko da ya yi gemu tana yi masa faɗa a tsakar gida kamar jiya aka yaye shi. Mutum ɗaya ne bakinta bai taɓa kaiwa kansa ba, shi ne Baba, don shi ne ɗanta na fari. Irin kunyar ɗan fari ta mutanen da ce da ita, wadda ba a sassauta mata. Ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba. Auwalu ne sunan, kuma ko yaron maƙwabta mai wannan suna sai dai ta ce masa "mai sunan wancan." In Baba ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, tana kallon bango take amsawa, a taƙaice, shi ma ya tashi. In tana da saƙo gare shi, mu take faɗa wa: "Ku gaya wa mai gidan nan rufin ɗakina yana yoyo." Shi kuma yana tsaye kusa yana ji.

Abin ya faru ne shekarar da matar Baffa ta haifi namiji. Suna ya matso, Baba kuma ya tafi kasuwar Mai'aduwa da wani sa da zai sayar, ciniki ya riƙe shi bai dawo da wuri ba. A gidanmu akwai rumbun ci, akwai kuma rumbun tsohon gero da ake ajiyewa saboda shekarar da damina za ta ƙi. Wannan na biyun babba kaɗai ke buɗe shi. Baffa ya ga geron ci ya ja baya, ga baƙi tafe, ga fura da kunu da za a yi. Ya hau ya ɗaga rufin, ya fitar da dammuna, aka sussuka aka daka.

Baba ya dawo da safiyar suna. Ya ga rufin rumbu a karkace. Maimakon ya bari a watse, sai ya yi maganar a ƙofar gida, mutane suna zaune ana rabon goro. Ya ce ashe yanzu gidan ba shi da babba. Baffa kuma, da kunya ta kama shi a gaban surukansa, ya ce ai shi ma da guminsa a cikin geron nan. Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba wanda ya ɗaga murya.

Da magariba Inna tana kwasar tuwo, don matar Baffa tana jego, sai Baba ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi a wannan lokaci. Ya tsaya daga nesa ya ce, "A zuba mini nawa daban. A kai mini ɗaki."

Inna ta tsaya da mara a hannu. Ta dubi Iya. Iya ta dubi ƙasa.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce mene ne a ciki, mutum ya ci abincinsa a ɗaki. A wajenmu wannan ya fi zagi. 'Yan'uwa sukan yi cacar baki, su yi fushi, su daina gaisawa da kyau, amma muddin hannuwansu suna shiga akushi ɗaya, ana ɗauka abin zai wuce. In aka raba kwano, to, an fara hanyar da ake ƙarewa da katanga a tsakiyar gida da ƙofa biyu. Mun ga haka a gidaje da yawa a unguwarmu, har jikoki suka tashi ba su san dalili ba, sun dai san ba a shiga wancan gida.

Daga wannan dare aka kifa baƙin akushin a kan rumfa. Baba yana ci a ɗakinsa, Baffa a nasa, zaure ba kowa. Mutanen gari suka ce mata ne suka haɗa su, kamar yadda aka saba cewa, alhali Inna ce ke dafa wa matar Baffa ruwan wanka tana dama mata kunun kanwa, su biyun suna ƙus-ƙus suna share hawaye. Ba a daɗe ba abin ya gangaro kanmu. Baffa ya ce a riƙa zuba wa Rabi nata a sashensu. Aka ba ni kwanona ni kaɗai, miya ta cika, ba mai janye mini. Na ci loma kaɗan na ture. Ban taɓa jin tuwo ya yi mini rashin daɗi irin na waɗannan kwanaki ba.

Iya ta kira Baffa ta wanke shi tas a kan rumbu. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya yi kuskure, amma Yaya ya tozarta shi a bainar jama'a, kuma ba shi ya ce a raba kwano ba. Gaskiya ya faɗa. Wanda ya raba shi ne zai haɗa, shi ne kuma wanda Iya ba za ta iya kira ta zaunar ba. Tana iya aika wa liman ko wani dattijo, amma yin haka fitar da maganar gida waje ne, kuma ta san halin ɗanta, in aka taru a kansa ƙara taurin kai yake yi.

Wani dare, bayan an yi isha'i, ta ce a ɗebo garwashi a kasko. Ba ta zauna a bakin murhu ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma jikin zanan da ya kewaye sashen Baba, wai can iska ba ta bugowa. Ta aika aka kira Rabi. Ba ta ma nemi ƙanzo ba. Muna jin Baba a bayan zana yana jan carbi, daga ɗaya ɓangaren kuma Baffa yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyaran igiya.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," in ji Iya, da murya sama da yadda ta saba.

Tatsuniyar akushi ce, mun san ta, ta sha ba mu. Wa da ƙane ne a wata shekara ta yunwa suka shiga daji neman abin da za su sa a baki. Suka tarar da wata tsohuwa a gindin tsamiya tana tuƙa tuwo, tukunya tana ta juyawa a kan murhu don ba mai riƙe mata. Wan ya riƙe tukunya, ƙanen ya karɓi muciya ya tuƙa. Da suka gama, tsohuwa ta ba su wani akushi. Ta ce duk magariba zai cika da tuwo da miya da man shanu, su dai su zauna su ci. Suka koma gida, akushi ya cika alkawari. Mutanen gari suna ramewa, su suna yin ƙiba.

Da ciki ya saba da ƙoshi, sai ido ya buɗe. Wan ya lura miya tana gangarawa wajen ƙanen, don ƙanen ta ƙasa yake ɗiba. A nan Iya takan tsaya ta dubi Rabi, mu yi dariya, kuma ranar ma ta dube ta. Ƙanen kuma ya lura wan ne kullum ke fara kai hannu ga nama. Suka ja layi da yatsa a tsakiyar tuwo, miya ba ta san layi ba. Suka kafa kara a tsakiya, ta bi ta ƙarƙashi. A ƙarshe suka ɗauki akushi suka kai wa masassaƙi suka ce ya raba musu. Masassaƙi ya ce shi sana'arsa sassaƙawa ce, ba fasawa ba. Suka nace, ya ɗaga gatari ya tsaga shi biyu, kowa ya rungumi rabinsa.

Magariba ta yi, tuwo ya zo a kowane rabi kamar yadda aka saba, miya ma ta zo. Sai dai rabin akushi ba ya riƙe miya. Tana zuwa take tsiyayewa ƙasa, ita da man shanun. Kowannensu ya juya wa ɗan'uwansa baya yana tura gayan tuwo yana shaƙewa. Da wuya ta yi wuya suka koma gindin tsamiya.

Yadda muka san tatsuniyar, a nan tsohuwa take ɗauko ƙaro ta liƙe akushin, ya koma kamar ba a taɓa fasa shi ba, su roƙi juna gafara, a tashi. Amma a wannan dare Iya ta bi wata hanya.

"Tsohuwa ta juya rabin nan, ta juya wancan," in ji Iya. "Ta ce, abin da gatari ya raba ya rabu, 'ya'yana. Ba ni da abin liƙe shi. Amma in kun zauna gwiwa da gwiwa, kowa ya sa hannun hagu ya tokare rabinsa jikin na ɗan'uwansa, miya za ta tsaya har ku gama. Ban ce ku yi hira ba. Ban ce wani ya ba wani haƙuri ba. Ku dai zauna ku riƙe."

Rabi, da ba ta barin kuskure ya wuce, ta ce, "Iya, ba haka take ba. Ai da ƙaro aka liƙe."

"Bana ba a samu ƙaro ba," in ji Iya.

"To sun shirya?"

"Ni ina na sani? Na baro su suna ci. Tatsuniya ta kai gida, kowa ya tashi ya kwanta."

Ta karkaɗe zaninta. Kafin ta shiga ɗaki, ta tsaya ta ce, ba tare da ta dubi zanan ba, "Dije, ki gaya wa uwarki akushin can da ke kan rumfa, in ya daɗe a rana tsagewa zai yi." A bayan zana carbin Baba ya daina ƙara.

Washegari ba abin da ya canja, haka ma ranar da ta biyo baya. Na ɗauka tatsuniyar ta tafi a banza. Sai wata magariba Baba ya wuce ta tsakar gida zai tafi masallaci, ya ce wa Inna, yana tafiya bai ko tsaya ba, "A kai zaure." Inna ta sauko da akushin ta wanke ta shafe shi da mai. Da aka dawo daga salla Baffa ya tarar da shi a zaure da ruwan wanke hannu a gefe. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya cire takalmi. A daren aka mayar mini da Rabi, ta haƙa raminta, na kuma yi mata masifa da farin ciki.

Kada a ɗauka komai ya koma yadda yake. Da kaka ta zo an raba gandu. Aka kira dattawa aka raba gona, aka raba dammuna, Baffa ya gina nasa rumbu, matarsa ta kafa nata murhu. Na yi kuka ranar da na ga hayaƙi biyu yana tashi a gidanmu. Iya ba ta ce komai a kan rabon ba, ko kalma ɗaya. Amma da magariba kwano ya fito daga sashenmu, wani ya fito daga sashen Baffa, aka juye su duka a baƙin akushin. Tuwon gero a gefe, na dawa a gefe, kuka da kuɓewa suka gauraya a tsakiya. Baba ya ce barkono ya yi yawa, Baffa ya ce daddawa ce ta yi yawa, suka cinye.

Haka suka ci gaba har Iya ta rasu, har muka yi aure muka watse, har shinkafa da taliya suka shigo gidan suka zama abincin kullum. Ba su daina saɓani ba. Sun yi gardama a kan iyakar gona, a kan taki, a kan wanda za a zaɓa, a kan auren 'ya'ya. Akwai lokutan da za a kai akushi a ɗauko ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Ban kuma taɓa jin an ce ɗayansu ya ba ɗayan haƙuri a kan maganar rumbu ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada 'yan'uwa su rabu. Sai da na girma na ga Iya ta fi ni sanin mutane. Ta san gandu zai rabu, ta san maza biyu masu iyali ba za su dawwama a rumbu ɗaya ba, ta kuma san ɗanta na fari ba zai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Saboda haka ba ta nemi abin da ba za ta samu ba. Ta nemi ɗan abin da za su iya yi kullum ko da ransu a ɓace, ta bar sauran. Ina jin tausayinta in na tuna, uwa da ɗanta a bayan zana, ba ta da hanyar yi masa magana sai ta bakin wata tsohuwa a gindin tsamiya.

Baba ya rasu bara da damina. Bayan an watse zaman makoki na koma Daura. Ba a jima ba Rabi ta kira ni a waya, don ita a garin take aure, kullum tana leƙa gida.

"Dije, Baffa fa ba ya cin abinci. Ya rame, ko sandarsa da ƙyar yake ɗagawa."

"An kai shi asibiti?"

"An kai. Sun ce ba su ga komai ba. Ki zo ki gani da idonki."

Na shiga mota na tafi. Na isa ana fito da akushi daga zaure. Rabi ta buɗe mini faifan. A gefe ɗaya an ɗan taɓa, loma kaɗan. Ɗaya gefen yana nan yadda aka zuba shi, da miyarsa, ba alamar yatsa.

"Kullum haka yake dawowa," in ji Rabi. "In an rage tuwon ya ce a mayar a cika. In an zuba masa a ƙaramin kwano ba ya ko buɗewa. Mazan gidan duk suna birni, sa'anninsa kuma sun ƙare."

Tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci a zaure ba, balle da namiji, balle da ƙanen ubana. Mace ba ta yi. Amma da magariba ta sake yi, na karɓi akushin daga hannun Rabi, na ɗauki buta, na yi sallama na shiga. Yana zaune a kan buzu ya jingina da bango. Na ajiye a gabansa, na zuba masa ruwa ya wanke hannu, sannan na wanke nawa na zauna.

Ya dube ni ya ce, "Dije, me ya kawo ki zaure?"

Na ce, "Yunwa, Baffa."

Na fara tunanin zai kore ni. Can sai ya sa hannu ya ɗan juya akushin, ya daidaita shi tsakaninmu.

"Nan ne wajen Yaya," ya ce. "Ki ci a hankali, shi ba ya sauri."

Na yi bismilla. Hawaye yana zubo mini, ban share ba don hannuna da miya. Muka ci har hannunsa ya iso tsakiyar akushin ya tarar da nawa.